Ranar da Rediyo ta Hau Gadon Ɗaki na Huɗu

A asibitin mata da ke bayan tashar mota, in ka ce kana neman mai shara ba wanda zai gane wa kake nufi, don su biyar ne. Amma ka ce Rediyo, har mai gadi zai nuna maka hanya da baki. 'Yar gajeriya ce kakkaura mai wushirya, tana tura wani bokiti mai taya uku da ake jin kukansa tun daga ƙarshen baranda. Ƙarfe shida da rabi take kama aiki, daga nan kuwa bakinta ba ya hutawa sai ta wanke mofa, sandar goge ƙasa, ta jingine a bayan tankin ruwa. Shekara tara ke nan tana haka. Ta san likitan da ba a yi wa magana kafin ya sha shayi, ta san gadon da ƙafarsa ke rawa, ta san tagar da sai an mare ta da tafin hannu take buɗuwa.

Rabonta a aikin shi ne barandan tsarin iyali: dogayen benci biyu, sikeli ɗaya, ɗakuna huɗu. A na huɗun ake sa wa mata robar mahaifa, wadda ke hana ɗaukar ciki na shekaru, kuma ranar Alhamis kawai, don ranar ce Sista Babba ke zama a can. Matan da ke jiran layi kuwa Rediyo ta mai da su 'yan ajinta. Tana goge ƙarƙashin ƙafafunsu tana karanta musu doka: a ci abinci kafin a zo, a sha maganin ciwo awa ɗaya kafin a shiga, a taho da audugar mata. Duk ta haddace daga takardar da ke manne a bango. Sai dai akwai ƙarin da ba ya cikin takardar. In wata ta tambaye ta ko abin da zafi, sai ta yarfe hannu ta ce ai cizon sauro ma ya fi shi. Ba mugunta ba ce. Ita dai ba ta iya ganin mace tana murza bakin mayafi don tsoro ta yi shiru. Abin da ba ta faɗa musu shi ne, ita ba a taɓa sa mata ba.

Ba don ba ta buƙata ba kuwa. 'Ya'yanta uku, mace ɗaya da tagwaye maza, kuma duk ta tiyata aka ciro su. Bayan tagwayen likita ya zaunar da ita da maigidanta, direban motar kaya, ya ce musu mahaifar nan tana son dogon hutu. Ƙwaya ba ta karɓe ta ba saboda hawan jini. Ashanar hannu, wadda ake sakawa ƙarƙashin fatar dantse, ta sa ta zubar da jini wata biyar har aka cire. Roba ce ta rage, ita kuma kullum sai ta ce Alhamis mai zuwa.

Sai ga wata Talata takarda ta iso. Sau uku Rediyo tana zana jarrabawar shiga makarantar ungozoma. Da tsakar rana, lokacin da 'yan uwanta masu shara ke miƙe ƙafa, ita tana cikin sito kan kifaffen bokiti, da tsofaffin littattafan Sista Babba a cinya, tana karatu tsakanin tsintsiya da jarkokin sabulu. A karo na ukun aka ɗauke ta. Karatun shekara biyu ne, a wani gari mai tafiyar awa uku, za a fara ranar Litinin, a riƙa zuwa gida ƙarshen mako. A ƙasan takardar an rubuta cewa duk wadda ta samu juna biyu za ta ajiye karatu ta sake nema, ita kuwa, saboda shekarunta, bana ce damarta ta ƙarshe da za a karɓe ta.

Ranar asibitin nan bai ji kunnensa ba. Ta karanta wa mai gadi takardar sau biyu. Ta karanta wa mai ɗibar jini yana tsakiyar neman jijiya. Ta buga wa maigida waya yana kan hanya, ya gangara gefen titi ya danna mata hon a kunne har sai da ta janye wayar tana dariya. Da yamma ta tsare Sista Babba a bakin famfo, suka tsayar da magana: jibi Alhamis, ita ce ta ƙarshe kafin Litinin, kuma Rediyo ta rantse ba hannun da za ta yarda da shi sai na Sista.

Sharaɗi ɗaya ta kafa, kada sauran masu shara su sani, don in suka ji sai sun yi shekara suna yi mata tsiya. Dabarar kuma mai sauƙi ce. Mai shara da bokitinta ba ƙofar da ba ta shiga, ba kuma mai ɗaga kai ya dube ta. Sista za ta leƙo ta ce an zubar da ruwa a ɗakin a zo a goge, ita kuma ta tura bokiti ta shige.

Alhamis ta waye, mata bakwai a benci. Tun safe Rediyo take ba su labarin makaranta, har da yadda za ta riƙa tafiya in ta zama ungozoma, ta gwada musu da mofa a kafaɗa. Shayin da ta haɗa ya huce a kan taga, maganin ciwon yana ƙulle a bakin zaninta, duk ta manta da su. Wata doguwar malamar makaranta da ke gyaran littattafan yara a cinya da jan biro ta ɗago ta tambaye ta, tsakani da Allah, da zafi?

"Haba malama, cizon sauro," in ji Rediyo. "Kafin ki gama duba littafi ɗaya an sallame ki."

Sai Sista ta leƙo ta ce an zubar da ruwa.

Gadon nan Rediyo ta goge shi ya fi sau dubu, amma ba ta taɓa ganin silin ɗin ɗakin daga kwance ba. Ashe akwai yanar gizo a kusurwa, ta ce a ranta gobe sai ta kakkaɓe. Sista na sa safar hannu ta tambaye ta ko ta ci abinci ta sha magani. Rediyo ta gyaɗa kai. A tunaninta mai 'ya'ya uku, mai shekara tara a barandan nan, me ɗan wannan abu zai yi mata?

Ƙarfen da ake buɗewa da shi, wanda suke kira bakin agwagwa, sanyi kawai ta ji da ɗan matsi, har tana cewa ashe gaskiyarta. Sai Sista ta kama bakin mahaifa da wani siririn ƙarfe, ta soma zura ma'auni don ta san zurfin ciki. Nan labari ya sha bamban. Wani ciwo ya taso daga ƙasan mararta kamar an kama hanjinta ana matsewa irin matsar wanki, ya harba bayanta, ya gangara cinyoyi. Rediyo ta ƙwala wa uwarta kira da muryar da ake ji daga bakin geti. Gumi ya karyo mata, kunnuwanta suka toshe, silin ya fara juyawa.

Sista ta cire komai nan take, ta ɗaga mata ƙafafu kan matashi, ta jiƙa tawul ta ɗora mata a goshi. Sai da ta ga idonta ya dawo daidai sannan ta tsaya a kanta, hannu a ƙugu.

"Me kika ci yau?"

Rediyo ta dubi yanar gizo.

"Ke da kike karanta wa mutane doka kullum. Ƙanwata, a kaina za ki suma, ki ja mini magana?"

Ta ja kujera ta zauna ta yi mata bayani a hankali. Jiki ba ɗaya ba ne. Wata ana gamawa ba ta san an fara ba, wata kuma tana jin sa sosai. Ita Rediyo duk haihuwarta ta tiyata ce, bakin mahaifarta bai taɓa buɗewa don haihuwa ba, ga yunwa, ga ɗaure jiki. Zaɓi biyu ne: ko a bari sai wani lokaci, ko ta fita ta ci abinci, ta sha magani, ta jira awa ɗaya, a yi mata allurar kashe zafi a wurin a sake gwadawa. Kuma ko da allurar, mara za ta murɗa. Sista ta ce ita ba ta sayar da sauro a ɗakinta.

Wani lokacin ne babu. Litinin tana nan tafe, kuma Rediyo ta san halinta, in ta sauka daga gadon nan ta tafi gida, ba mai sake ganin ta a kai. Ta ce a ba ta awa ɗayan.

Fitowar ce aiki. Bangon ɗaki na huɗu daga sama katako ne, ba ya tare murya, ita ta fi kowa sani. Ta buɗe ƙofa a duƙe, ba bokiti, ba mofa. Baranda tsit. Mata biyu sun riga sun rataya jaka, malamar makaranta ta rufe jan bironta. Rediyo ta lallaɓa ta zauna a bencin da ba ta taɓa zama a kai ba cikin shekara tara.

"Baiwar Allah," in ji malamar, "wane irin sauro kuke kiwo a ɗakin nan?"

Wata ta fara ƙunshe dariya, sai duk bencin ya ɗauka, har da Rediyo, tana dariya tana riƙe mara tana roƙon su bari don dariyar ma ciwo take ƙara mata. Da aka lafa ta faɗa musu gaskiya tun daga farko: ba a taɓa sa mata ba, ba ta ci komai ba, ba ta sha magani ba, kuma abin ya yi mata zafi ƙwarai. Ta faɗa musu abin da Sista ta ce game da bambancin jiki, da cewa akwai allurar kashe zafi, duk mai so ta buɗe baki ta nema, in kuma ya yi yawa ta ce a tsaya, za a tsaya. Ɗaya daga cikin masu jakar ta tafi duk da haka, ta ce sai ta sake shawara. Ɗayar ta koma ta zauna.

Malamar ta ciro burodi da ayaba daga jakarta ta ajiye mata a cinya, ta tsare ta da ido irin na aji har ta cinye ta haɗiye magani. Sannan malamar ta miƙe ta shiga ɗakin. Minti goma ta fito tana gyara ɗankwali, ta ce kamar ciwon marar al'ada ne, ya zo ya wuce. Wadda ta bi ta ta fito da jan ido, ta zauna ta haɗa kai da gwiwa na ɗan lokaci. Rediyo na kallon su ɗaya bayan ɗaya, tana kallon agogon bango, hannunta na cikin aljihu kan takardar makaranta da ta yi laushi don yawan buɗewa.

Da awa ta cika ta shiga da ƙafarta, kowa na gani. Ta roƙi Sista abu ɗaya, ta riƙa faɗa mata kowane mataki kafin ta yi. Sista ta ce a'a, Rediyo ce za ta faɗa, tun da ɗaliba ce.

"Ɗaliba, bayan bakin agwagwa sai me?"

"A wanke bakin mahaifa," in ji Rediyo, haƙora a cije.

"Sai kuma?"

"Allura. Wayyo, Sista, a hankali, ba buhu kike ɗinki ba."

"Ja numfashi. Sai kuma?"

Haka suka bi abin tiryan-tiryan. Allurar ta yi ɗan yaji ta lafa. Da aka zo ma'auni marar ta murɗa, ba kamar ɗazu ba, amma ta murɗa, har hawaye ya gangara mata cikin kunne. Ta damƙi ƙarfen gado tana ba da amsa, wata daidai wata a karkace, Sista na gyara mata. Tana cikin laluben sunan wata jijiya sai ta ji ƙarar almakashi.

"Me na yanke?"

"Zaren robar," in ji Rediyo. Ta ɗago kai. "Ta shiga?"

"Ta shiga, ta zauna daram. Bayan mako shida ki zo in duba. In kin ji zazzaɓi ko ciwon da ya ƙi lafawa, kada ki jira mako shidan."

Rediyo ta mai da kai kan matashi tana kuka tana dariya, tana cewa Sista ta sake faɗa. Sista ta sake faɗa, ta ɗora mata gorar ruwan ɗumi a mara, ta hana ta motsi rabin awa.

La'asar maigida ya iso da ƙatuwar motarsa ba kaya, ya tare rabin ƙofar asibiti. Da ya ga yadda take tafiya a duƙe sai fuskarsa ta canza, ya ce Maman Biyu, haka abin yake? Ta ce haka yake, Baban Biyu, amma an gama, ya zo ya ɗaga ta don ba ta iya taka matakalar nan. Ya ɗaga ta cak ya ajiye a kujera. Tafiyar hawainiya ya riƙa yi, yana kauce wa kowane rami, motoci na yi masa hon a baya yana ɗaga musu hannu.

A kwanar kasuwa ta ce ya tsaya. Ya ce gida za su, ta kwanta. Ta ce makaranta na son fararen riguna biyu ranar Litinin, in ba a auna ta yau ba yaushe tela zai gama? Ya buɗe baki zai yi musu, ya dubi fuskarta, ya kashe mota.

Tela dattijo ne mai tabarau a kan hanci. Ya miƙa wa matarsa tef ta auna, shi yana rubutawa. Matar ta zagaya ƙugu, ta auna hannu, da ta zo tsawo sai ta ce baiwar Allah ki miƙe sosai mana, in ba haka ba rigar za ta fito gaba gajere baya dogo.

Rediyo ta dafa teburin yanka, ta ja numfashi, ta miƙe a hankali har ta tsaya cak, gumi na tsattsafo mata a hanci.

"Auna da sauri, Yaya," ta ce. "Kuma a sa mini aljihu babba a gaba, na agogo da biro."