Zauren da Hamma Suhail Ya Bari a Rufe

Hamma Suhail, da hantsin Talata, goma ga watan Yuni, ina tsakiyar Kasuwar Jalingo yayarka Adda Hanifa ta kira ni ta ce ka rasu. Zazzaɓin kwana huɗu kacal. Yau kwana tara, kuma wallahi na kasa zama wuri ɗaya. In buɗe kwamfuta, in rufe, in fita, in dawo.

Shekara shida muna aiki tare, muna gina wuraren da mutum zai shiga ta shafin intanet ya yi yawo ciki kamar da ƙafarsa. Da aikin faɗaɗa hanya ya cinye gidanku na Sintali, 'yan'uwa suka watse, ka ce sai ka sake gina shi a intanet. Ka bi tsofaffin hotuna, ka mayar da rijiya da rumbu da bishiyar mangwaro inda suke. Ka kai wa Dada, mahaifiyarka, kana murna. Ta ga yadda mutum ke ratsa zaure ya faɗa tsakar gida kai tsaye, sai ta ture wayar.

"Wannan ba gidana ba ne," ta ce. "Tasha ce. Wa ya yi sallama?"

Tsarin da ake rubuta irin waɗannan wurare da shi ya san bango, ya san ƙofa, ya san haske, amma bai san sallama ba. Sai ka rubuta wa burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, wani ƙari naka. Baƙo zai tsaya a zaure ya yi sallama da bakinsa, ƙofar ciki kuwa ba za ta buɗe ba sai an ji muryar mai gida ta amsa. Na yi maka musu sosai. Na ce abin da ba ya cikin tsarin kowa, ranar da ya cije kai kaɗai za ka iya kwance shi. Ka yi dariya ka ce, "Nehemiya, kai dai ka cika tsoro."

Ba zan manta ba, da farko abin ya ƙi jin sallamata, don Hausata ta ɗan Mumuye ce. Sai in yi ta maimaitawa a zaure, kai kana ta ƙyalƙyala dariya. Amma mako biyu ka kwashe kana naɗar muryata da ta matata Esta, har ka koya masa "gafara dai". Ka ce gidan da zai bar ni a waje, ba kai ka gina shi ba. Haka kake, ka tsokani mutum sannan ka sha wahala dominsa.

Kuskure ɗaya ka yi, Hamma, kuma ina jin haushinka a kai. Muryarka kaɗai ka sa a matsayin mai gida. Sau nawa na ce ka ƙara ta Adda? Kullum gobe.

Ranar addu'ar uku, dangin da ba su samu zuwa ba, na Garwa da na Legas, suka shiga gidan ta wayoyinsu. Mutum goma sha bakwai a zaure, wannan ya yi sallama, wancan ya yi, shiru. Wurin da ake saka muryar wani mai gida kuwa ka kulle shi da kalmar sirrin da ba wanda ya sani. Abu ɗaya zan iya: in cire ƙarin gaba ɗaya, aikin minti biyar, kowa ya shige babu sallama. Ko in bar shi, kada kowa ya ƙara shiga.

Jiya na gaji da juya maganar, na je Yelwa wurin Dada na gaya mata komai.

"A zaure suka tsaya?" ta tambaya.

"E, Dada."

"To, a ina ake zaman makoki in ba a zaure ba? Bar su."

"Dada, ke ma ba za ki ƙara ganin ɗakinki ba fa."

"Na sani," ta ce. "Ɗana ne ya rufe. Kada ka taɓa."

Ban taɓa ba, Hamma, ko da yake hannuna yana ta kaiwa wurin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Dada, da Adda Hanifa, da matarka Ruwaida, da dangi na kusa da na nesa. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka. Allah ya ba Dada ƙarfin ɗaukar abin da ta zaɓa, ni kuma ya ba ni haƙurin yi mata biyayya. Amin.