Shanu Sha Huɗu na Malam Labbo

Mas'udu yana tsaye a tasha a Gusau, yana jiran motar Bungudu ta cika, sai ga kiran babansa Malam Labbo daga Bilbis.

"Kai Mas'udu, wani ya kira ni da baƙuwar lamba. Wai ni ne Labbo mai shanu sha huɗu? Ina cewa wa ke magana, ya kashe. Wa ya ƙirga mini shanu?"

Mas'udu ya san wanda ya ƙirga. Shi ne.

Tun yana ƙarami Mas'udu ba ya ga maciji da fartanya, don haka gidan suka yanke cewa mai ilimi ne. Ya karanta kimiyyar kwamfuta, ya yi bautar ƙasa, ya shekara biyu yana zagaya ofisoshin Gusau da takardu har masu gadi suka san takalminsa. Daga ƙarshe ya samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a Bungudu, inda yake zana kwamfuta a allo da alli, saboda ta gasken tana jiran wuta.

Abokinsa Yusha'u ne ya ba shi shawara: ya riƙa taimaka wa masu manhajar kyauta a intanet, kamfanoni su ga sunansa. Mas'udu ya zaɓi wata ƙarama da ake jonawa da manhajar rubutu, mutum ya rubuta wa kwamfuta layin umarni, ya danna, ta ba shi amsa nan take. Manhajar lafiya lau. Bayanin amfani da ita ne dai aka rubuta wa waɗanda aka haifa da saninta. Kowane misali "kaza ya ba da kaza".

Mako uku yana gyara bayanin. Da ya zo wurin misali, ya ce a'a, duniya na bukatar abu mai rai. Ya rubuta suna, Labbo. Gari, Bilbis. Shanu, sha huɗu. Ya cike da lambar waya ɗaya tak da ya haddace, ta babansa. Cikin awa biyu aka karɓi aikin, har wani daga wata ƙasa ya yaba da shanun. Mas'udu ya nuna wa duk malaman makarantarsu, har da na Islamiyya.

A ƙasar da mutum ke ɓoye yawan dabbobinsa ko ga surukinsa!

Daga tashar ya aika gyara, ya roƙi a cire misalin. Na'urar da ke tace aiki ta mayar masa, wai layi ɗaya ya yi tsawo. Ya rage. Wani mai taimako ya shigo ya ce misalin ya fi kowane armashi, me zai hana a ƙara awaki? Mutum ɗaya da ke da ikon amincewa kuwa ya bar sanarwa: ya tafi hutu hawan duwatsu.

Washegari Mas'udu ya je Bilbis ya faɗi gaskiya. Malam Labbo ya saurara har ƙarshe.

"Wato ɓarayin daji sai sun nemi ɗan rahoto. Ni nawa a jami'a aka horar mini da shi."

"Baba, masu karanta wannan shafin ba irin waɗannan ba ne."

"To wanda ya kira ni da Hausa, Bature ne?"

Inna Asiya, mahaifiyar Mas'udu, ta ajiye masa fura ta ce, "Sha, Malam mai shela."

An kora shanun zuwa wurin Kawu Mahadi a Wonaka. Malam Labbo dai ya ƙi barin gida, dawarsa ba ta isa yanka ba, kuma ya ƙi kashe wayar, wai gara ya ji da kunnensa.

Yau kwana tara ke nan. Sunan da lambar suna nan a shafin. Mai hawan duwatsu bai amsa ba, kuma har yanzu ba a san wanda ya kira ba.