Kaskon Inna a Gharrafa

Asubar fari muka bar Katsina, ni da wani abokina, a motar haya zuwa filin jirgin Kano. Shi kallon Kofin Duniya ne ya ɗauke shi zuwa Doha. Ni ma haka nake gaya wa mutane, amma gaskiya yayana nake son gani. Shekara huɗu yana can yana aikin direba. Korona ta rufe hanyoyi lokacin da Innarmu ta rasu, bai samu jana'iza ba, kuma tun daga nan ko sau ɗaya bai ambace ta a waya ba. Abin ya daɗe yana ci min rai. Inna maginiyar tukwane ce, don haka na naɗe kaskon turaren wuta na ƙarshe da ta gina a cikin tsohon zaninta, na tura tsakiyar jakata.

Washegari da hantsi muka sauka. Titunan garin sumul, ba rami ko ɗaya, har abokina ya ce barci ba zai ɗauke shi a mota ba tunda babu jijjiga. Yaya ya kai mu masaukinsa a unguwar Bin Omran, ɗaki ɗaya mutum shida, gado kan gado: Kanawa uku, Bazazzage ɗaya, da wani ɗan Zangon Kumasi mai barkwanci. Shayin madara da suke kira karak riyal ɗaya ne a shagon ƙasa, na sha kofi uku kafin azahar. Suka tuƙa mana tuwon semo da miyar kuka. Da muka gama na miƙa wa Yaya ƙunshin. Ya buɗe, ya duba, ya mayar ya naɗe, ya ce, "Madalla." Shi ke nan. Na ji kamar in ɗauki jakata in koma.

Kwana biyu muka yi muna yawo. Mun je filin wasa na Thumama, wanda aka gina kamar farar hula an kife ta, muka goyi bayan Senegal tunda namu ba su samu zuwa ba. Na yi ihu har muryata ta dishe, amma zuciyata ba ta wurin.

Rana ta uku Yaya ya ce in raka shi wurin aiki a unguwar Gharrafa. Na lura ya ɗauko ƙunshin. Maigidansa tsoho ne ɗan Japan, injiniya, matarsa ta rasu shekarun baya. A falonsa akwai doguwar kanta ta katako jere da tulunan fure na ƙasarsu, sun fi ashirin, duk ginin hannu. Shi da matar suka tara su, kowane hutu su je ƙauyen magina su zaɓo ɗaya. Na zaci zan ga masu sheƙi da zane. Ashe yawancinsu launin ƙasa ne da toka, wani bakinsa a karkace, wani gefensa ya ƙone a wurin gashi. A kasuwarmu irin waɗannan ake ture wa gefe. Fure ɗaya tak na gani, a cikin mafi ƙanƙantarsu.

Tsohon ya sa na zauna a ƙasa kafin ya ba ni ɗaya in riƙe. Ya nuna min gindinsa, inda shatin babban yatsan maginin ya fito. Ya faɗi sunan mutumin da na ƙauyensa, haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, Yaya yana fassara min. Wata huɗu suka yi su biyu a gidan lokacin kulle, shi ya sa Yaya ya san labarin kowane tulu.

Sai Yaya ya kwance zanin ya ajiye kaskon a gabansa. Tsohon ya ɗauka da hannu biyu, ya juya shi a hankali, ya shafa bakinsa, ya ƙwanƙwasa da farce ya saurara. Sannan ya yi tambaya da Turanci.

Yaya ya ce min, "Wai wace ce ta gina shi? Ya ce hannunta ba ya gaggawa."

Ya juya zai ba shi amsa, sai kuka ya ƙwace masa. Ya rufe fuska da zanin Inna, kafaɗunsa suna rawa. Tsohon ya tashi ya shiga ciki ya bar mu.

Da Yaya ya lafa ya ce, "Ƙanena, ba mantawa na yi ba. In na fara maganarta a waya, ban san wa zai riƙe ni ba."

Na matsa na riƙe shi. Muka yi mata addu'a a nan kan dardumar. Da tsohon ya dawo da shayi, ya matsar da tuluna biyu ya roƙi Yaya ya bar kaskon a kantar muddin yana gidan. Ya kuma ce a rubuta masa sunanta, yana so ya haddace.

Bayan kwana tara muka dawo Katsina da la'asar, Yaya kuma ya nemi hutu zai biyo ni bayan salla. Mutane suna ta tambayata labarin ƙwallo, ina ba su abin da ya samu. Abin da na dawo da shi daban ne. Shekara biyu ina hukunta ɗan'uwana a kan shirunsa, ban taɓa tambayarsa yadda ya kwana da rashin ba, shi kaɗai a ƙasar mutane. Yanzu duk Juma'a ni nake fara kiransa, kuma hirar Inna muke yi har katina ya ƙare.