Ɗantsoho da Oba-obar da Ba Ta Mutuwa

Duk wanda ya saba bi ta Ƙofar Marusa da hantsi ya san Malam Ɗantsoho mai wayarin mota, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan siriri mai tabarau ɗaure da zare, wanda ba ya buɗe shagonsa sai ya zagaya shi tukuna, ya duba ko akwai sawun da bai gane ba. In ya buɗe, ya shimfiɗa buhu a bakin ƙofa, ya jera filaya da sukudireba da mita, sai ya ɗauki wayar da ya sayo jiya ya feɗe bakinta ya kanga a rana. Wai so yake ya gani ko jan ƙarfe ne na gaske ko rini aka yi mata. Mai sayar masa da wayar abokinsa ne tun suna samari, amma wannan bai taɓa hana shi feɗewa ba.

Mutum ne mai zargi, kuma ba za mu ɓoye wannan ba don yau muna yaba masa. Yana zargin fis sabo fil a leda. Yana zargin batirin da aka rantse masa jiya aka saya. Matarsa Hure ta ce ko kunu ta miƙa masa sai ya juya ludayi ya leƙa gindin kwano, shekara da shekaru, kuma har yau bai tsinci komai ba. In ka kawo masa mota ka ce haka kawai ta daina tashi, zai dube ka ta saman tabarau har sai ka tuna da kanka cewa ƙaninka ya taɓa wata waya.

A shekarar da aka katse layin waya a wasu ƙananan hukumomin jihar nan saboda 'yan bindiga, direbobi masu zuwa kasuwannin ƙauye suka koma ga oba-oba, 'yar rediyon hannun nan da ake danna gefenta a yi magana, a saki a saurara. Aibinta ɗaya ne, batiri. Kafin mutum ya kai inda za shi ta fara kuka, a dawowa kuwa sai dai a jefa ta aljihu. Ɗantsoho ne ya ƙware wajen yi mata mazauni a mota, wani ɗan akwati da ake ɗaurewa gefen sitiyari, a zura rediyon ciki ta riƙa shan wuta tana tafiya.

Wasu sukan cusa wayar akwatin a ramin laitar kunna sigari su sallame ka. Shi kam daga kan batirin mota yake janyo jar waya, ya sa mata fis nata na kanta, ya bi da ita ta bayan dashbod inda ba za ta goge ba. Baƙar kuma ya ɗaure ta a jikin ƙarfen mota bayan ya kankare fenti. Sai ya auna da mita ya tabbata akwatin na rage wutar daidai cikin rediyon, don wutar mota ta fi ƙarfinta. Ko an kashe mota an zare makulli, 'yar fitilar akwatin tana nan a kunne. Yakan ce ranar da mota ta mutu maka a daji, ranar ce ka fi bukatar a ji muryarka.

Kuma ba kowa yake yi wa ba. Baƙuwar fuska in ta zo, tambaya ce za ta sha. "Wa ya turo ka? Ɗan gidan wa ne kai? Tahi ka zo da wanda na sani." Ya kori ciniki da yawa da wannan hali, bai kuma taɓa yin da-na-sani ba.

Kai ne, Malam Ɗantsoho, wanda bai yarda da kowa ba. Shi ya sa abin da ya same ka ya yi ciwo.

Alhaji Yari na Ƙofar Kwaya, shugaban wata ƙungiyar masu safarar hatsi, ya kawo motarsa a-kori-kura a yi mata mazaunin oba-oba. Direbanta Sagir ne, magidanci mai fara'a, irin mutanen da in sun tare ka da gaisuwa sai sun tambayi kakarka da akuyarta. Ɗantsoho ya san ubansa, ya san gidansu, ya yi aikin kamar yadda ya saba.

Ba a jima ba, wata ranar kasuwa, aka tare motar a hanyar dawowa daga wani ƙauye da ba sai an ambaci sunansa ba. Da rana tsaka. Sagir ya faɗa cikin dawa ya tsira. Faruk, ƙanin Alhaji Yari, wanda ya bi motar ranar don ya ga awo da idonsa, shi 'yan bindigar suka tafi da shi, suka bar motar a bakin hanya. Abin da ya tayar wa kowa hankali shi ne an bar motoci sun wuce kafin tasu, kuma mutanen da suka fito daga dajin sun kira Faruk da sunansa.

Ke nan wani ya gaya musu. Aka shiga lissafin abin da ya canza a motar nan kwanan nan, sai aka ga abu ɗaya ne, akwatin Ɗantsoho da fitilarsa da ba ta mutuwa. A majalisa wani ya ce ina dalilin abu ya zauna a kunne bayan an zare makulli, in ba saurare yake ba? Wani ya ce ai akwai na'urar da ke nuna inda mota take. Wani ya tuna cewa dattijon nan ya cika tambaya, wa ne kai, ina kake zuwa, ashe tara labari yake. Kafin Juma'a kalmar ta fito fili: infoma.

Wanda bai zauna a Katsina a wancan lokaci ba ba zai san nauyin kalmar nan ba. Suna ne da in ya manne wa mutum, yana iya fita sallah bai dawo gida da ƙafarsa ba. Ɗantsoho ya fara gani a gaisuwa. Mutanen da ke tsayawa su tambayi gajiya da iyali da aiki suka koma "lahiya" ɗaya su wuce. A sahun sallah, wanda ke gefensa ya riƙa barin 'yar tazara. Hure ta je suna a maƙwabta, tana yin sallama hira ta tsaya. Ya ji tsoro, tsoro na gaske, kuma ya ji baƙin ciki wanda ya fi tsoron.

Bai jira a zo masa ba. Ya je wajen mai unguwa ya roƙi a kawo motar ƙofar masallaci da safe, a tara duk mai shakka. Aka taru, har da waɗanda ba a gayyata ba. Ɗantsoho ya naɗe hannayensa a baya.

"Ni ba ni taɓa komi," in ji shi. "Kada a ce na ɓoye wani abu a tahin hannu. Sagir, buɗe bonet. Kama jar wayag ga. Bi ta da yatsanka duk inda ta tahi."

Sagir ya bi ta daga kan batiri zuwa fis, daga fis zuwa bayan dashbod, har cikin akwatin. Aka kwance akwatin aka miƙa wa wani mai gyaran talabijin da Alhaji Yari ya zo da shi daga wata unguwa. Ya juya, ya leƙa, ya ce shi dai caja ya gani. Sai Ɗantsoho, da halinsa na rashin gamsuwa ko da gaskiya ta fito a gefensa, ya tambayi direban ko rediyon ta taɓa ba shi matsala tun da aka ɗaura.

"Wallahi Baba ko ɗaya," in ji Sagir, shi a ganinsa taimakon dattijon yake. "Da can kashe ta nike don tattalin batiri, sai in da dalili. Amma tun da ka yi aikin ga ban sake kashe ta ba. Tun daga tasha nike gaisawa da 'yan'uwa har in kai."

Babu wanda ya ɗauki maganar a bakin komai. Ɗantsoho kaɗai ya gane abin da ya faru. Ya san gaisuwar Sagir. Ina kwana, ina gajiya, kuna ina yanzu, mu ga mu nan mun baro kasuwa, ai yau ma da ƙanin Alhaji muke tahe, a gaida gida. Ya kuma san cewa duk wanda ya sayi irin rediyon nan a kasuwa ya murɗa ta daidai, zai ji komai daga inuwar da yake zaune.

Alhaji Yari, wanda idonsa ya yi ja don rashin barci, ya matso. "To Malam, mun ji babu komi a waya. Amma wani ya hwaɗa masu. In ba kai ba ne, wa ne ne?"

Kalma ɗaya ta ishi Ɗantsoho ya sauke kayan nan daga kansa. Sai dai ya san inda za su sauka, kuma ya ga irin samarin da suka tsaya a bayan taron da abin da ke hannunsu. Ba za su tsaya bambance ganganci da cin amana ba.

"Alhaji, ban san wanda ya ci amanarka ba," in ji shi. "Abin da na sani, oba-oba ba ɗaki ba ce. Duk mai irinta shina iya jin abin da ake hwaɗi. A gaya ma direbobi su bar ambaton wuri, su bar ambaton suna."

Direbobin da ke wurin kowa ya tuna nasa surutun, kowa ya ja bakinsa. Daga baya wani ya ɗaga murya ya ce, "Shi ya aka yi ya san suna saurare?" Aka watse a haka. Ba a taɓa shi ba, ba a kuma wanke shi ba.

Da la'asar ya aika aka kira Sagir shago, ya tura ƙofa. Ya ɗauko wata oba-oba ta kasuwa wadda ba ta da alaƙa da ƙungiyar, ya murɗa, ya ajiye a tsakaninsu. Can sai ga muryar wani direban hatsi tangaran, yana gaya wa abokinsa gadar da ya haye yanzu. Sagir ya saurara, ya saurara, sai ya zauna a ƙasa.

"Baba, ni ne. Ni na kai masu Faruk da bakina."

"Kai ka yi magana, ni na ba ka wutar yin ta ban gargaɗe ka ba. Tashi ka share ido. Kana da ɗiya ƙanana. Kada in ji maganag ga a bakin kowa, ko matarka."

Faruk ya dawo bayan kaka, a rame, yana ɗingishi. Ƙungiyar hatsi ba ta sake kawo wa Ɗantsoho mota ba, wasu ma suka bi sahunta. Akwai waɗanda har bara in sun hango shi sukan rage murya. Ya ci gaba da buɗe shago, ya ci gaba da jan wayarsa daga kan batiri, sai dai daga ranar ba ya miƙa makulli sai ya zaunar da direba ya ja masa kunne a kan abin da ake faɗa a iska. Motocin da suka je suka dawo lafiya saboda wannan jan kunne, babu mai iya ƙirga su.

Kai ne ka ɗauki sunan da ba naka ba ka yi ta yawo da shi cikin garinku. Ka zargi waya, ka zargi fis, ka zargi kunun Hure, amma ranar da zargin mutum ɗaya zai cece ka, ka ƙi.

Watan jiya ido ya tilasta masa ajiye aiki. Aka yi 'yar walima a ƙofar shagon, ya miƙa makulli ga Mubarak, ɗan ƙanwarsa da ya koya a hannunsa. Ana cikin addu'a Sagir ya miƙe, babu wanda ya sa shi, ya faɗi komai daga farko, Alhaji Yari da Faruk suna zaune. Bai rage ko kalma ba.

Mun zaci dattijon zai yi murna. Ina! Ransa ne ya ɓaci. "Wa ya aike ka?" in ji shi. Ya miƙe da ƙyar, ya kamo hannun Sagir ya zaunar da shi a kan tabarmarsa, jikinsa a jikin nasa, ya shiga bin fuskokin jama'a ɗaya bayan ɗaya da idon da ba ya gani sosai. Faruk ne ya fara tasowa, ya ja ƙafarsa har gabansu ya miƙa wa Sagir hannu. Alhaji Yari ya buɗe baki zai nemi gafara, kuka ya ci ƙarfinsa.

Duk da haka Ɗantsoho bai saki hannun Sagir ba. Da aka tashi, shi ya raka Sagir har ƙofar gidansa a ƙasa, ya tsaya a waje sai da ya ji an sa sakata.

Mun gode, Malam Ɗantsoho. Mun gode da wutar da ka ja wa muryoyinmu, mun gode da shirun da ka yi mana lokacin da ba mu cancanci jin gaskiya ba. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya saka maka da abin da ba mu iya biya. Mu kuma da muka rage maka gaisuwa, da masu tasowa a bayanmu, mu koya daga gare shi: mu bincika waya iya bincike, amma kafin mu ɗora wa mutum suna, mu tuna yana da gidan da ake jiran ya dawo.