Lamba Bakwai da Na Tsallake

Ƙarfe huɗu daidai na yammacin wata Lahadi, mu goma sha tara muna zaune a wani ajin firamare a Unguwar Boro da ke Kaduna. Ni ne sakatare, tsohon saje, rajista a gabana. Dukkanmu, ban da mutum ɗaya, tsofaffin sojoji ne da wani kamfanin tsaro ya ɗauka haya, muka yi shekara uku muna gadin sansanin ma'aikatan mai a wata ƙasar Larabawa. A can muka kafa ƙungiya, 'yan Filato da Binuwai da kudancin Kaduna, don rage kewar gida, da muka dawo kuma muka ci gaba da haɗuwa. Ni na rubuta dokoki. Ni na ba kowa lamba bisa ranar da ya sauka a sansanin. Ni nake ajiye tutar da muka ɗinka a can, ina yi mata guga kafin kowane taro.

Mutum ɗayan nan kukunmu ne, mai lamba bakwai. Bai taɓa zuwa taro a kan lokaci ba, bai taɓa maɓalla rigarsa daidai ba, amma kowa Baba yake ce masa, ni kuwa Saje. Tun a sansani abin yake ci mini rai. Ni nake tashin su fareti, ni na koya musu yadda za su dawo gida da ransu, amma duk wanda aka bugo wa waya cewa an yi masa rasuwa, kicin yake nufa. Can Baba zai haɗa masa gwate da abin da ya samu a sito, ya zauna kusa da shi har ya gama kuka. Ɗakina yana kan hanyar kicin. Ina jin takunsu suna wucewa.

A ranar, bayan Baba ya iso a makare, ciyaman ya kawo shawara a naɗa Baba uban ƙungiya, a miƙa masa tuta ya riƙa ajiyewa a gidansa na Kamazou. Aka yi ta tafi. Ni kuwa na miƙe na yi abu uku. Na farko, na karanta doka ta biyu, wadda ta ce ɗan ƙungiya shi ne wanda ya riƙe makami a bakin aiki. Na biyu, na tambayi Baba a gaban kowa ranar da aka taɓa ba shi bindiga. Ya yi dariya ya ce in tambayi cikina ko ludayinsa bai kare ni ba, tun da ni ne mai neman ƙari kullum. Aka fashe da dariya, dariyar ta ƙara tunzura ni. Na uku, na ce ko a bi doka ko in ajiye rajista. Soja ba ya musu da doka rubutacciya. Baba ya cire hular ƙungiya ya ɗora a kan tebur, ya ce mini in ci gaba da guga lafiya, ya fita ya tari keke mai ƙafa uku.

Na koma gida Barnawa da tuta a jaka. Da na ba matata labari, ta tambaye ni ko yanzu sai su fara ce mini Baba.

A taro na gaba na fara kiran lamba. Ɗaya zuwa shida suka amsa. Na tsallake bakwai na kira takwas. Mai lamba takwas yana zaune gabana, yana kallona, bai amsa ba. Na kira tara, shiru. Haka har ƙarshe. Ciyaman ya ce mini a hankali ai ni na koya musu cewa ba a amsa takwas sai an ji bakwai. Ba zan ɓoye ba, ko a lokacin abin da ya fara zuwa raina shi ne, da ni aka cire, wa zai yi shiru domina?

Sai da na yi wata huɗu kafin na je Kamazou. Na tarar ya tashi, maƙwabta suka ce ya koma ƙauye wajen 'yarsa, ba su san wanne ba, layinsa kuma ba ya shiga. Mun gyara doka ta biyu, ni na rubuta gyaran da hannuna.

Abin da na gane shi ne, ba doka na kare ba. So nake a ƙaunace ni kamar shi, da na rasa sai na hana shi kujera. Duk mai riƙe da rajistar wata ƙungiya, kafin ka buɗe shafin doka a kan ɗan'uwanka, tambayi kanka wa ya aike ka.

Mai karatu, in ka san wani dattijon kuku da ya yi aiki a ƙasar Larabawa, mai tabon ƙuna a hannun hagu, don Allah ka gaya masa Saje yana kiran lamba bakwai a kowane taro, tuta kuma tana nan a goge, ya zo ya karɓi abarsa.