Daminar da Inna Ta Koyi Kwamfuta

Wata Alhamis ce cikin damina, shekarar da nake aji biyar a firamare, Inna ta dawo daga sakatariya tun kafin la'asar. Ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar gidanmu da ke Nasarawa, ta shigo ba ta ko tsaya gaisawa da maƙwabta ba. Ina tsakar gida ina wanke-wanke, ƙannena kuma suna korar awaki daga shanyar kuɓewa. Ta zauna bakin tabarma da mayafinta a kafaɗa, ta ciro wasu ƙananan faya-fayai baƙaƙe masu kusurwa huɗu daga jakarta, an ɗaure su da roba. Ta daɗe tana juya su kafin ta ce, "Saratu, za a kwashe muna tafireta. Wadda duk ba ta ci jarabawar kwamfuta ba bayan Sallah, sai ta nemi wani aiki."

Inna mai buga tafireta ce tun muna Sakkwato, kuma tana cikin ma'aikatan da aka maido Birnin Kebbi da aka yi sabuwar jiha. Takan buga takarda tana hira, idonta ba ya ko sauka kan yatsunta. Baba malamin makaranta ne a Gulma, sai ƙarshen mako muke ganinsa, don haka aikin nan nata shi ke riƙe da rabin gidan. Sa'ar da muka yi ita ce ƙanenta, Kawu Bello, da ke karatu a foli, wato kwalejin kimiyya da fasaha, ya ajiye wata kwamfuta ta hannu a ɗakin Baba, an lulluɓe ta da tsohon zane saboda ɓeraye da kuma mu. Faya-fayan kuwa wani abokin aikinta ne ya ara mata. Tsohuwar manhajar koyon bugu ce a cikinsu.

Da Kawu ya zo, aka yaye zanen. Ni aka ba aikin miƙa faifai da karanta abin da ya fito a gilashi, saboda Inna ta ce in ta kalle shi da yawa idonta na ruwa. Na farko ya shiga lafiya, na biyu ma haka. Da aka sa na uku sai na'urar ta kama gurnani kamar injin markaɗe ya ci tsakuwa, ta rubuto cewa ba ta iya karanta faifan ba, ko a sake gwadawa ko a haƙura. Muka sake. Kawu ya hura shi, ya goge da gefen rigarsa, muka sake. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, washegari muka koma farko. Haka muka cinye mako: in dawo daga makaranta, in ɗebo ruwa, in yi shara, in bar ƙawayena suna 'yar gala-gala a ƙofar gida, in je in zauna gaban gilashi ina karanta saƙon da na riga na haddace. Daga ƙarshe Kawu ya zuge ɗan ƙarfen da ke bakin faifan ya ɗaga shi ga haske, sai ga fumfuna ta yi masa zane. Danshin damina ya riga mu.

Inna ta tuna da Hajiya Kulu, ƙawarta tun makarantar koyon tafireta, wadda ke aiki a wani ofishi a Argungu. Su ma an raba musu irin faya-fayan. Ranar Asabar muka shiga mota ni da ita. Shinkafa ta yi kore shar a fadama har iyakar gani, masu kwalekwale na ratsa ruwa, amma Inna ba ta kalli ko ɗaya ba. Mun iske Hajiya Kulu tana jinyar maigidanta. Ta shiga ɗaka ta ɗauko nata faya-fayan daga cikin kwalla, a naɗe cikin ɗankwali, ta ce, "Tahi da su, Aisha. Ni ina nig ga kwamfutar da zan sa su? In na samu sarari ina zuwa mu koya tare."

Nata sun shiga gaba ɗaya, amma manhajar ta ƙi buɗewa. Da an danna ta sai gilashin ya yi baƙi, ya ƙifta, ya dawo yadda yake. Kawu ya je ya tambayo wani malaminsu, aka ce masa manhajar ta girmi tsarin da ke kan kwamfutar, sai an kashe an kunna ta a baƙin allo, a rubuta sunan manhajar da hannu. Ya yi hakan, ta buɗe, muka ga haruffa suna zubowa daga sama, ana son ka danna kowanne kafin ya taɓa ƙasa. Sai dai ba zubowa suke ba, kwarara suke kamar ruwan indararo. Kawu ya yi ta lalube har magariba ta gabato, sannan ya jingina da bango ya ce, "Yaya, wagga don tsohuwar na'ura mai nawa anka yi ta. Tawa ta hi ta sauri. Ban san yadda ake rage shi ba." Inna ta ja kujera ta ce, "To, a bar shi hakanan."

Abin da na fi tunawa da shi ke nan a daminar. Duk yammar da aka kawo wuta, Inna za ta ɗora tukunya, ta bar wa ƙanwata ido a kanta, ta zauna. Da farko dukan madannan take yi da ƙarfi irin na tafireta, harafi ɗaya ya fito a jere kamar tururuwa. Ni nake zaune daf da ita ina kiran haruffan, kafaɗata na gugar hannunta, ƙamshin hayaƙin murhu na tashi daga zanenta. Yaran unguwa suka daina carafke suka koma leƙe ta taga. Ba ta taɓa cin wasan ba ko sau ɗaya. In na'urar ta yi ƙarar faɗuwa sai ta murza yatsunta ta ce, "Ta sake kada ni," ta fara daga farko. A hankali hannunta ya yi laushi, dukan ya koma taɓi.

Hajiya Kulu ba ta samu zuwa ba sai sau ɗaya, shi ma ta tarar babu wuta. Suka zauna gindin dogonyaro suna tsinke zogale, ta koma da yamma.

Ranar jarabawa Inna ta dawo tana murmushi. Da Baba ya zo ƙarshen mako ya tambaye ta, ta ce, "Malam, tasu kwamfutar jirana take yi." Ta ci. Hajiya Kulu ba ta ci ba, kuma ba a daɗe ba ta ajiye aiki ta koma sarin shinkafa. Inna ta ƙi ba kowa saƙon faya-fayan, da kanta ta mayar da su, ina biye da ita. Sun yi hirar jikin maigida, da ambaliya, da tsadar albasa, babu wadda ta ambaci jarabawa. Da za mu taso Hajiya Kulu ta cika mana leda da busasshen kifi. Inna ta rungume ledar a cinyarta har Birnin Kebbi, fuskarta na wajen taga.

Yanzu ɗiyata takan sauke manhaja a waya kafin ruwan shayi ya tafasa, in ta ƙi aiki ta goge ta nemi wata, ba ta tambayi kowa ba. Ina jin daɗin sauƙin, ba na fatan ta sha wahalar da muka sha. Amma Inna ta tsufa, yatsunta sun ƙage da sanyin ƙashi, in na je gaishe ta ma rabin hankalina yana kan waya. Wani lokaci nakan dube ta in tuna cewa matsalar wata tsohuwar manhaja ce ta zaunar da ni kusa da ita damina guda cur. Ban sake samun zama irin wannan da ita ba.