Goran Ƙayoyin Kaka Tanko

Bari in fara da tona wa kaina asiri: ni ne na yi sakace da ƙayar da ta soki kakanmu, Malam Tanko, a hanyar Kano. Ranar Babbar Salla ce, nama ya maƙale mini a haƙori, na ga goransa rataye a zaure, na zaro ɗaya. Ta karye a bakina. Na ruga bayan gida na tsinko wata mai kama da ita, na jefa ciki, na toshe gora.

Duk wanda ya zauna a Tudun Wada ya san goran nan. Tun Kaka yana yaro mai kiwon awaki, ƙaya ba ta taɓa sukarsa ya yar da ita ba. Sai ya cire, ya goge, ya adana, wai abin da ya ɗanɗani jininka ya zama ɗan'uwa. Cutar kuwa ta bi jini. Yayata Ladi gashin zabi take tarawa, ni marufan kwalabe daga tashar jirgi. Inna takan ce tsintsiya ce kaɗai marainiya a gidanmu.

Babanmu ya taɓa sa badukku ya ɗinka wa Kaka takalma. Kwana biyu ya yi da su ya rataye. Da aka tambaye shi dalili, ya ce ya zaga har Hanwa bai samu ko ƙaya ɗaya ba, wannan ai asara ce.

Sa'ad da Nasara ke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ƙusa ta shige wa Kaka tafin ƙafa, ƙafar ta kumbura ta kai turmi. Muka ce to, gora ya sami sarauniya. Da aka cire ƙusar, ya juya ta, ya shinshina, ya miƙa wa maƙeri.

"Wace bishiya ta haife ta? Ba na ajiye marar asali."

Kowace Juma'a yakan zazzage goran a kan buzu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin garin kowacce. Ya kuma ce jikan da ya fi amana shi zai gaji goran. Ni ina so kamar in mutu, ga tsoro duk sa'ad da yatsansa ya doshi tawa. Shekara biyu ina kasa kunne kamar mai jiran hukuncin alƙali.

Da ciwo ya kwantar da shi bara bayan girbi, na kasa daurewa. Na durƙusa na faɗa masa komai, ina jiran saukar sanda. Ya sa aka zazzage, ya ɗauko ta ba tare da lalube ba.

"Ja'iri! Ta hanyar Kano bagaruwa ce, wannan kuwa aduwar bayan gidanmu. Tun ranar na gane. So nake in ga kwana nawa za ta yi tana sukarka kafin ka cire."

Sai ya caka ta a babban yatsansa har jini ya tsattsafo, ya mayar da ita cikin 'yan'uwanta, ya ce yanzu ta zama 'yar gida.

Bayan kwana tara ya rasu. Ladi ya bar wa goran, amma ya ce ni zan riƙa zazzage shi ranar Juma'a, tunda tsoro ya sa ni kaɗai na haddace garuruwansu. Allah ya jiƙan Kaka, ya sanyaya makwancinsa, ya sa ya taka inda babu ƙaya.